Gwajin da Malam Kyari Ya Yi wa Allura

Na san Malam Kyari shekara talatin da ɗaya. Asalinsa Barno, gidansa a Kwaciri, rumfarsa ta atamfa a Kantin Kwari. Ban taɓa ganin ya sayi yadi bai ja bakinsa da hannu biyu ya ɗaga shi ga rana ba. Ni da na yi makarantar mishan, inda ake duba faratanmu kowace Litinin, halin nan ya yi mini daidai.

A Yunin 1999, sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, likita ya ce yana da ciwon sukari, sai allurar insulin kullum, in ba haka ba gyambon ƙafarsa zai cinye ta. Daga sojojin har likitan, bai yarda da kowa ba.

Na kai shi Sabon Gari wurin Uchechi, 'yar abokina Boniface mai kemis, wadda ke karatun kimiyya a jami'a.

Ta ce, "Baba, kowace ƙwayar halitta a jikinka tana da umarnin aikinta a naɗe kamar bandir ɗin yadi. Ƙwayoyin da ke yin insulin sukan warware daidai wurin da ya shafe su, su karanta. In wurin ya naɗe tam, aiki ya ja baya."

"Kin gani da idonki?"

"A'a, Baba, ya fi ƙarfin ido."

"To fa! Kuma babanki ne ke sayar da allurar, ko?"

Boniface ya yi dariya. "Kyari, kai ko ruwan randarka sai ka ɗaga shi ga rana."

Sabuwar atamfa, Kyari yakan yanki ƙyalle ya wanke ya ga ko za ta zuba. Haka ya yi wa allurar: kwana goma da ita, kwana goma babu, ya gwada da jikinsa. Bai gaya wa matarsa Yakaka ba. Ni ya gaya wa, na yi shiru.

Rana ta takwas cikin kwanakin da babu allura aka ɗauko shi daga rumfa a sume. An ceci ƙafar, ban da yatsu biyu. A asibiti Yakaka ta tambaye ni ko na sani. Na ce na sani.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana ɗingishi, ita ke yi masa allurar, ƙarfe bakwai na safe. Har ya rasu ba ta sake barina da shi mu kaɗai a zaure ba.