Farin Zaren Hannun Yaya Garba

Yau shekara shida cur da rasuwar Yaya Garba, kuma har yanzu ni Ɗanlami ban gama gane abin da na yanke ba.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, malamin gona a Samaru. Shi ya kwashe bokon gidanmu, ni ya bar min surutu da tallan cajar waya a PZ. Aiki ya kai shi Tailan koyon noman shinkafa, wata uku. Ya dawo unguwarmu Muchia da tsaraba, ya kuma dawo da farin zare ɗaure a wuyan hannu.

Da muka tsare shi sai ya ce abokan aiki ne suka kai shi wani ƙauye kusa da iyakar ƙasar Lawos, wajen ibadar mabiya Budda. Wai a bakin matakala akwai macizan siminti masu kai bakwai. Na ce Yaya, ka ga maciji mai kai bakwai ka ci gaba da hawa? Ya ce ya ma cire takalmi. Malaman wajen ibadar kai a aske ƙwal, sun yafa mayafi ruwan goro. Mutanen kuwa a takarda 'yan Tailan ne, a baki da tukunya 'yan Lawos. Na ce ashe can ma akwai Sabon Gari. Da azahar ta yi, su suka ba shi tabarma da ruwa, ya yi sallarsa a gindin bishiya. Da zai tafi wata tsohuwa ta kama hannunsa ta ɗaura zaren, tana ta maganar da bai ji ba. Aka fassara masa: ka koma wajen uwarka lafiya.

Unguwa ba ta ji wannan ba, zaren ta gani. Aka fara cewa Garba ya shiga wani abu. Wasu suka daina miƙa masa hannu a masallaci. Inna ta kira ni ta ce, "Kai da ba ka da kunya, raba shi da abin nan."

Yana barcin rana na sa reza. Da ya farka bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa kawai ya yi, "Ɗanlami, ba a yankewa. Bari ake ya faɗi da kansa."

Wata bakwai bayan nan ciwo ya ɗauke shi. Na sani, ajali ne, zare ba ya riƙe rai. Malamin unguwarmu ya faɗa min, ni ma ina faɗa wa kaina. To me ya sa har yau in na ga reza sai gabana ya faɗi? Rashin sani ya fi dare duhu. Da yana nan ya ga yadda samarin yanzu ke ɗaura roba kala-kala a hannu ba mai ce musu uffan, ban san ko dariya zai yi ba.

Makon jiya Inna ta aike ni ɗauko carbi a akwatinta. Can ƙasa na tarar da zaren, an ƙulle inda na yanke. Na fito da shi na ce, "Inna, ba ke kika ce a raba shi da wannan ba?"

Ta karɓe ta mayar. "Na ce a raba shi da shi, ban ce a zubar ba. Wata ta yi wa ɗana fatan alheri a inda idona bai kai ba. Kuma ai ya dawo min."

Allah ya jiƙan Yaya Garba. Ita kuma tsohuwar, ban san addu'ar da ta dace da ita ba, amma na gode.