Sulhun Telolin Yantala da Na Rubuta

Na daɗe ina cin abinci da sulhun telolin Yantala. Ni na yi binciken tun ina sabuwar malama a jami'a, na rubuta shi da Faransanci, aka buga, kuma duk taron da aka gayyace ni kan sasanta rikici, shi nake karkaɗewa in ɗauko. Rigimar kan wata doguwar rumfa ce a bakin titi. Telolin da aka haifa a unguwar suka ce baƙin da suka zo daga gabas sun cika ta da kekuna, suna kuma karya farashin ɗinki. Saura kaɗan a ba hammata iska. Mai unguwa da liman suka tara su, aka raba rumfar, aka yi musabaha, aka shafa fatiha. Ina wurin da ɗan littafina. Bayan sati biyu na koma na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce alhamdulillahi. Na rubuta cewa hanyar gida ta yi abin da kotu ba za ta iya ba.

Bara, a darasin da nake koya wa ɗalibai tankaɗe binciken masana, na ce kowa ya zaɓi maƙala ɗaya ya fito da rauninta. "Kada sunan kowa ya ba ku tsoro," in ji ni, har da buga tebur. Wata ɗaliba mai shiru-shiru da ke zama kusa da taga ta zaɓi tawa.

Shafi shida ta rubuta, tambaya bisa tambaya. A ina aka yi hira da baƙin? A cikin rumfar, shugaban telolin unguwa yana zaune yana zuba shayi. Ɗakunan da baƙin ke haya na wane ne? Na dangin shugaban. Wane baƙo ne zai buɗe baki ya ce bai yarda ba, bayan liman ya shafa fatiha? Marubuciyar ta koma bayan shekara ta ga yadda aka ƙare? Ba ta koma ba. A shafin ƙarshe ta ce telan da na kira "baƙo na uku" mahaifinta ne. Rabon da aka ba su shi ne ƙuryar rumfar, inda ruwan sama ke taruwa, inda mai kawo ɗinki ba ya isa. Kafin damina ta biyu duk sun watse.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki jan biro na rubuta mata cewa wannan son zuciya ne, babu madogara. Na ba ta takwas bisa ashirin, alhali na san wanda ya faɗi darasin nan sai ya maimaita shekara. Ran nan na miƙa makin ajin a ofis, tun zuciyata ba ta huce ba.

Da na mayar musu da takardunsu, ta biyo ni har bakin mota.

"Madam, a ina na yi kuskure?"

"Labarin gidanku ba hujja ba ne."

"To Madam, naki labarin gidan wa ne?"

Na ce ta ba ni wuri. Amma da na isa gida a unguwar Koira Kano, sai na tarar da kaina ina birkita kwalin tsofaffin littattafaina. Na sami na Yantala. Ga shi nan da rubutun hannuna, a saman shafi: shugaba ya karɓe mu da kyau, ya zauna da mu har muka gama. Wato na gani, na ma rubuta, na ɗauke shi a matsayin karamci. Kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Sai da na yi sati ina jan ƙafa, sannan na tambayi wata ƙawar ɗalibar kwatancen gidansu, na tafi unguwar Talladjé. Na sami mahaifinta a wani ɗan zaure da kekensa, yana yi wa wandon wani ɗan makaranta faci. Ya tsufa, amma ya gane ni. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya fita da kansa ya sayo ruwan sanyi. Na ce, "Baba, na zo ne ka faɗa mini gaskiyar abin da ya faru a rumfar nan."

Ya yi murmushi. "Malama, ai komi ya wuce. Sulhu anka yi, mun gode ma manya."

Na juya tambayar ta nan, na juya ta can, amsar ba ta motsa ba. Wancan karon shugaba, ɗan'uwan mai gidan hayarsa, ne zaune kusa da shi. Wannan karon malamar 'yarsa ce a kan tabarmarsa, me nake tsammani zai ce?

Ya rako ni har bakin titi. Na buɗe mota ke nan ya rage murya.

"Malama, ɗiyar ga tawa baki gare ta. In ta rubuta abin da ya ɓata maki rai, ki yi hanƙuri, ƙuruciya ce. Don Allah kar ki kada ta sabili da ni. Ita ɗai ta kai nan a gidanmu."

Na ce, "Ba komai, Baba." Ban iya gaya masa an liƙa sakamako a bango tun shekaranjiya ba.