Sunan Guguwar Muciya

"Ka karanta na jiya? Wai ƙwallon ta tsaya a sama tana shawara kafin ta faɗa raga."

"Sai Sati. Mu da muka je filin, taɓo kawai muka gani."

A ƙofar wani shagon buga takardu a Samaru ake wannan hira. Mai shagon, Sati, yana ciki yana jin su, yana murmushi. Ɗalibai sun san shi da saurin hannu a kwamfuta. Amma Asabar da la'asar yakan ja ƙofa ya hau keke zuwa Sabon Gari, ya tsaya bayan raga da ɗan littafinsa. Gwiwa ce ta raba shi da ƙwallo tun yana saurayi, sai alƙalami ya karɓi aikin ƙafa.

A shafinsa na intanet, filin da awaki ke kiwo da safe yakan zama fili na gaske. Kowane ɗan wasa da laƙabin da 'yan kallo suka sa masa: Allura, Tankar Zabi, Guguwar Muciya, wasu har da sunan unguwarsu a ciki. Sati yakan ce suna na makaranta ne, laƙabi shi ke gudu.

Guguwar ce ta zo shagon ranar Talata, kai a sunkuye. Nedu ke nan, ɗan gaban da Sati ya yi shekara uku yana wasa shi. Wani koci a Kaduna zai ɗebi 'yan gwaji ranar Juma'a. Kocin ya nemi sunan Nedu a wayarsa bai ga komai ba, ya ce wanda ya ci ƙwallo arba'in ba zai rasa sawu ba.

Sati ya buɗe shafin. Labari sittin da ɗaya, ga Nedu yana tashi sama, yana yanke 'yan baya, ko'ina guguwa ce, babu mutum. Ya yi alkawarin gyara su duka: cikakken suna a kanun labari, da unguwa, da ranar wasa, sannan ƙwallo ta yi shawararta a ƙasa. Sai bayan Nedu ya tafi ya lura bai san sunan mahaifinsa ba. Cikakken sunan yaron ma da ya gwada, hannunsa na Bahaushe ya yar da harafin h ya rubuta Cinedu, waya ta ce ba ta san shi ba.

Washegari ya sami mahaifiyar Nedu a rumfarta ta busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari. Ta tsokane shi, wai shi ne ya mayar mata da ɗa iska. Ya yi dariya, ya miƙa mata littafin da biro.

"Mama Nedu, don Allah rubuta mini sunansa duka, yadda kika rubuta ranar baftisma. Kada ki bar ko harafi ɗaya."