Dutsen da ya kusa cinye mini aiki

Shekarun baya na yi aiki da wani kamfanin sayar da irin shuka, ni ne wakilinsu tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Aikin yawo ne a kan babur, babu mai tambayata inda na yini. Kwatsam sai aka kawo mana manhaja a waya: duk manomin da ka ziyarta ka tura rahoto, ita kuma ta nuna wa ofishin Kano inda kake tsaye.

To ƙauyukan Sundimina a lokacin babu sabis, sai a kan wani dutse a bakin hanya. Sai in gama zagayena, in hau dutsen ina haki, in ɗaga waya sama ina juyi har rahotannin su tafi. Mahaifiyata da ta ji labari cewa ta yi, "Kai da muka kai boko, ashe a farautar sabis za ka ƙare."

Rannan shugabana ya kira. "Malam, taswira ta nuna kullum wuri ɗaya kake zama. Gidan wa ne a nan?"

"Ranka ya daɗe, dutse ne."

"Dutse ne ke sayen iri? Zan zo da kaina."

Ga bikina ya matso, ga aiki yana rawa. Abinci ya daina shiga, zama ya gagare ni. In fita ƙofar gida, in dawo, in sake duba waya. Wallahi na tsorata.

Da ya zo na kai shi gonaki, manoma suka shaide ni, amma fuskarsa ba ta saki ba. Ya ce sai ya ji daga ofis. Ya danna waya, shiru. Ya matsa gaba, shiru. Ya dube ni, ni kuma na nuna masa dutsen. Haka ya naɗe babbar riga, ya cire takalma, muka hau ina riƙe masa hula. Muna kaiwa sama saƙonni suka fara shigo masa. Yana haki ya ce, "Ba ni ruwa."

Aikina ya tsira, aka sha biki. Yanzu sabis ya kai ko'ina, dutsen ya koma na awaki. Amma tun daga lokacin ban ƙara sakewa ba. Ko gidan surukaina na je, da na ɗan jima sai in miƙe, don ji nake wani a Kano yana kallon inda na zauna.