Fuskar Kaka a Shafi na Tara

Warin albasa in ta sha rana, shi ke dawo mini da kaka. Lokacin bazara ake jibge albasar a tsakar gidanmu na Illela, mu zauna muna ware ruɓaɓɓu kafin motocin masu saye daga Konni su iso. Ana cewa ba a tatsuniya da rana. Kaka ta ce wanda ya kafa dokar bai taɓa sa yara tsintar albasa ba.

Labarinta ɗaya ne, kullum tana ƙara masa reshe: yarinya mai raƙumin gishiri, wanda ke narkewa kaɗan duk lokacin da mai shi ta yi ƙarya. Babu mayya a ciki. Ku riƙe wannan.

Ƙanena aka sa boko, ni aka bar ni da albasa. Shi yakan rubuta labarin a littafin makarantarsa. Bayan kaka ta rasu da shekaru, ya zama malami a birni, ya kakkaɓe littafin, ya buga a kwamfuta, ya kai wa masu ɗab'i. Mai gyaransu ya ce labari ya yi daɗi, amma yara na son abin tsoro, a ƙara mayya. Mai zane ya nemi hoton tsohuwa ya kwaikwaya. Hoto ɗaya muke da shi, na fasfon Hajjinta. Ƙanena ya miƙa.

Sai da na aurar da ɗiya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Littafin farko da na sa yatsa na bi shi ne wannan. Na yi kuka da na ga raƙumin. A shafi na tara na daina. Ga tsagar Gobirawa, ga idon da hakiya ta ci, ga wushiryarta, an ƙara mata farata. A ƙasa na haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya: mayya.

Na sami ƙanena ranar sunan ɗansa.

"Kai, wagga fuska ta wa ce?"

"Haba Yaya, zane ne. Ke da kinka fara karatu jiya, mi kinka sani ga aikin littafi?"

"Na san maita a nono aka shan ta. Uwar uwarka ce. Je ka gaya ma surukanka."

Bai yi dariya ba, bai kuma janye littafin ba. An sake bugawa ma. Sunansa na bango, nata babu ko'ina.

Yanzu albasa a buhu take zuwa, yara kuma a makaranta suke samun labari. Bara jikata ta shigo ɗakina, ta ga hoton kaka da na karɓo na kafa a bango, ta ƙwalla ihu ta ɓuya bayana.

Ban sauke hoton ba. Na zaunar da ita gabansa, rana tsaka, na fara daga raƙumin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Kaka, kin manta mayyar."