Ranar da Aka Ba Ni Tsinken Sakace a Gidan Surukai

Ko zan manta da komai a zamana na Agege, ban da makon da na yi yawo da farin haƙori ɗaya tal a bakina.

Goro nake sayarwa, kuma ina cin hajata, don haka haƙorana jajaye ne jawur. Saura kwana uku in jagoranci neman auren ɗan ƙanena, na gatsi ƙashi a miya, rabin haƙorina na gaba ya ɓalle. Ga shi kawun yarinyar dattijo ne mai tsauri, sau biyu yana mayar da mu hannu rabbana, yaran kuwa suna son juna kamar me. Wannan zuwan shi ne na ƙarshe.

Na hau motar haya ta danfo zuwa wajen wata likitar haƙori a Idi-Araba. Ta ce za ta cike shi da kwamfosit, wani abu mai laushi kamar ƙullu da ake zaɓa daidai da launin haƙorin mutum. Ta ɗauko jerin launukanta tana karawa da nawa ɗaya bayan ɗaya, har suka ƙare.

"Baba, irin naku ba a yi shi ba tukuna."

Ta ɗauki mafi duhu, ta riƙa shafawa kaɗan-kaɗan tana haska masa shuɗiyar fitila. Kafin ka ce kwabo ya sandare, ya manne gam. Aiki ya yi kyau, wallahi, amma a cikin jan bakina sai ka rantse ƙwayar shinkafa ce. Ta ce a hankali goro da shayi suke rina shi. Ni kuwa ina na ga wani a hankali? Kwana biyu ina dirza masa goro har dasashina ya yi tsami, ɗan banzan ko gezau.

A gidan surukai na riƙa magana leɓe a rufe. Dattijon ya zuba mini ido, can ya miƙo tsinke.

"Malam, a yi sakace tukuna, sai a yi maganar aure."

Kunya ta kama ni, na ce shi ke nan, na kashe wa yaro aure. Na daure na faɗi gaskiya. Bai yarda ba sai da ya matso ya ƙwanƙwasa haƙorin da farce, a gaban mutane! Sannan ya buɗe nasa bakin, ashe haƙora biyu ne suka gutsure. Shekarunsa nawa yana ɗaure fuska don kada a gani.

"Ba ciwo?"

"Ko kaɗan, Baba."

"To na ba ku yarinya. Litinin ka zo ka raka ni wajen likitar."

Tun ranar na daina wahalar ɓoye aibuna a gaban mutane, don na gane wani mai ɗaure maka fuskar nasa yake tsaro.