Simintin Tsakar Gida

Magini ne ni, kuma da hannuna na shafe rabin gidajen layinmu na Tudun Ƙofa da siminti. Lokacin da ma'aikatan Abuja suka cika Keffi, kowa ya tashi da ƙyamar ƙasa. Mutum ya girma yana birgima a turɓaya, da ya sami tebur a ofis sai ya ce takalminsa ba ya taka laka. A sare mangwaro, a zuba kankare daga ƙofar ɗaki har bakin titi. Kududdufin bayan layi ma mu muka cike shi da ɓaraguzai aka yi shaguna. Har nawa gidan na shafe, don kada a ce magini yana zaune cikin taɓo.

Sai damina ta sauya hali. Ta yi latti, in ta zo kuma ta juye kamar da bakin ƙwarya, ruwan ya bi kan siminti ya faɗa kwata ya wuce, ƙasa ba ta samu ko kurɓi ba. Kwaɗi suka yi shiru. Rijiyar gidana, wadda ban taɓa ganin gindinta ba, ta fara ba da laka tun tsakiyar rani. Mai ɗakina, da ciwon gwiwarta, ta koma bin layi a famfon maƙwabcinmu, wani Alhaji da ya yi ritaya ya haƙa burtsatse.

Bara na ɗauki diga na fara farfasa tsakar gidana. Alhaji ya leƙo.

"Malam, tsufa ne ko aljanu? Kai ka zuba, kai kake fasawa?"

"Hanya nake buɗe wa ruwa, Alhaji."

"Ku zo ku ɗiba a wurina mana, wa ya hana ku?"

"Naka daga ina yake fitowa? Daga Abuja?"

Ya bushe da dariya, ya koma inda ake wanke masa mota da tiyo, ruwan na malala a titi. Irinsu ne a sahun gaba ranar roƙon ruwa, cikin babbar riga, har da hawaye, alhali ba su bar wa ruwan ko faɗin tabarma da zai sauka ba.

Tsakar gida ɗaya ba ta cika rijiya. Bana rijiyar tawa ta ɗan jima da ruwa, amma ta ƙafe kafin ruwan farko. Na ce wa mai ɗakina ta zauna. Ni nake zuwa ƙofar Alhaji yanzu, in tsaya cikin mata da yara, in ya fito in gaishe shi da ladabi.